Fok Ya Lanƙwashe a Ojo: Ƙarfe Ne, Ko Rami, Ko Kaya?

 Sharhin yau daga Ojo ya taso, can yammacin Ikko a kan hanyar Badagry. Batunsa wasu ƙarafa ne guda biyu, kaurin kowannensu bai kai na muciya ba, amma sukan hana magidanci barci.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Iyana Iba da hantsi ya ga abin da babur ke ɗauka a wannan yanki. Ga wanda ya fito daga Alaba Rago da rago a ɗaure, mai ragon na zaune a baya riƙe da igiya. Ga wanda ya taso daga babbar kasuwar Alaba da firji a goye, an tamke shi da roba har ba a hango direban ta baya. Ga mai buhun shinkafa biyu, ga mai ɗaliban jami'ar LASU da suka makara. Muddin babur na tafiya lami lafiya, tayar baya ce ke shan yawancin nauyin nan. Da zarar direba ya damƙe birki, ko tayar gaba ta rufta rami, sai nauyin duka ya zubo gaba, ya sauka a kan ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayar. Su ne makanikai ke kira fok.

Fok ɗin babur bututu ne cikin bututu. Na sama ƙarfe ne mai sheƙi, na ƙasa kuma kwanso ne da ke riƙe da sandar taya. A ciki akwai sifirin da mai, a baki akwai zoben roba, wato sil, mai hana man tsiyaya. Sifirin ya shanye duka, mai ya hana shi dawowa da tsalle. An ƙera fok ne don ya karɓi bugun da ya taso daga ƙasa ya bi tsawonsa a miƙe. Bugun da ya zo ta fuska, irin na bakin rami ko gefen kwalbati ko bayan danfo da ta tsaya ba sigina, baya yake tura bututun. Ƙarfe kuwa yana da iyakar da yake tanƙwarawa ya dawo. In aka tsallake ta, ya zauna ke nan.

Ba lallai ido ya gani ba. Hannun direba ne ke fara sani: babur ya riƙa janye shi gefe ɗaya, sai ya karkata kai kafin ya tafi a miƙe. Daga nan mai ya fara jiƙa bututun, ƙura ta manne masa, tayar gaba ta riƙa cinyewa ta ɓari ɗaya. In abin ya yi nisa, fok ya shige ya ƙi fitowa, kowane ɗan tsakuwa ya ji shi a kafaɗa.

Da yawa daga cikin masu sana'ar acaba a Ojo 'yan Arewa ne da 'yan Nijar, kuma hani ne ya koro wasunsu. An hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006, a Maiduguri a 2011, a Kano a watan Janairun 2013. Ikko ma ba ta bar su sun sarara ba. Dokar hanya ta 2012 ta haramta musu tituna 475, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka hana acaba kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, aka ƙara huɗu a watan Satumban shekarar. Ojo ba ta cikin goman nan, amma babbar hanyar Badagry na cikin titunan da aka haramta. Don haka mai gudun kamu sai ya kutsa cikin unguwa, ta Ajangbadi ko bayan Okokomaiko, inda ramukan suka fi yawa, kuma ruwan Yuni ya rufe su ruf, ba mai sanin zurfinsu sai taya. A daidai lokacin kuma kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, don yawancinsu daga Indiya da Sin ake shigo da su: dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Ga yadda rigimar kan kasance, kuma duk wanda ya saba zama a inuwar gareji a yankin ya ji irinta. Ɗan acaba ya daki rami, fok ya lanƙwashe. Ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin da ya yi niyyar aikawa gida, aka sayo sabo aka ɗaura. Bayan mako uku ko huɗu, sabon ma ya fara ja gefe yana zubar da mai. Ya kwance shi ya saɓa a kafaɗa sai shago. Ya ce wa Oga kayansa ba su da kyau, shi bai faɗi ba, bai yi karo da kowa ba. Mai shago ya juya ƙarfen a hannu, ya ce wa Malam ƙarfe ba ya lanƙwashewa don kansa, a miƙe ya bar nan, wanda ya ɗora masa raguna biyu shi zai biya. Sai ya nuna wani layi na Turanci a ƙasan rasit, in ma akwai rasit ɗin, mai cewa kayan da aka saya lafiya ba a dawo da su, kuɗin da aka biya ba a mayarwa. Murya ta ɗaga, maƙwabta su taru, a ba ɗan acaba haƙuri, ya fita da ƙarfensa.

Abin mamaki, wannan cacar baki da ake yi da Hausa da Turancin kasuwa a Ojo, irinta ake yi a duwatsun Turai, tsakanin mutanen da ba su taɓa ɗaukar fasinja ba.

Akwai wani wasan babur da Turawa ke kira tirayal, wanda ba a tseren gudu a cikinsa. Gwani shi ne wanda zai haye dutse, ya tsallake kututture, ya ratsa rafi, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Duk taɓawa ɗaya ana rubuta masa laifi. Tun 1909 ake gudanar da gasarsa ta kwana shida a Sikotilan, kuma ɗan Sifen ɗin nan Toni Bou tun 2007 yake lashe kambun duniya shekara bayan shekara. A shekarun 1970 aka fara yin wasan da keke a yankin Kataloniya, inda Pere Pi na kamfanin Montesa ya ƙera wa ɗansa Ot Pi ɗan keke don horo, yaron ya girma ya zama zakaran duniya. Wanda ya kai shi wayoyin matasanmu shi ne Danny MacAskill, da bidiyonsa na 2009 a YouTube ya nuna shi yana bin saman shingen ƙarfe yana dirowa daga rufin shaguna a birnin Edinbara. Keken gasa na wannan wasa ko sirdi ba shi da shi, kuma fok ɗinsa sandararre ne, babu sifirin babu mai. Mahayi kan damƙe birkin gaba ya ɗaga tayar baya, ko ya diro daga bango a kan tayar gaba. Da wuya a sami wani wasa da ke cin fok kamarsa.

To, me masu ƙera kayan ke cewa idan mahayi ya dawo musu da lanƙwasasshe? Galibi takardar garanti abu biyu take ɗauka: aibin ƙarfen kansa, da aibin aikin ƙira. In walda ta tsage tun kaya na sabo, ko wurin ɗaura birki ya ɓalle ba dalili, sukan musanya. Lanƙwasa kuwa, a wajensu shaidar duka ce, kuma duka na mahayi ne. Sai dai wasu kamfanonin keke sun fito da wata hanya ta tsaka-tsaki. Wanda ya kawo ƙarfen da ya lalace a hatsari tare da rasit, ba a ba shi kyauta, amma ana sayar masa da sabo da rangwame mai kauri. Kamfani bai amsa laifi ba, abokin ciniki bai tafi hannu rabbana ba, kuma ƙarfen da ya lalace ya fita daga kan titi.

Ke nan mai shagon Ojo yana da tasa gaskiyar, kuma ya kamata a faɗe ta ko da ba za ta yi wa 'yan'uwa daɗi ba. Babur mai ƙaramin inji irin Bajaj Boxer ko TVS an yi shi da juriya, amma ba a kori-kura ba ne. Dokar Legas ma fasinja ɗaya ta yarda a goya. Wanda ya ɗora buhu uku ya shiga ramin da ruwa ya rufe da gudu, ko fok ɗin daga hannun maƙerinsa ya karɓa a Indiya zai lanƙwashe. Ga kuma iskar bakin teku mai gishiri da ke huda rufin bututun da tsatsa. Ƙwayoyin tsatsar nan su ke yayyaga sil, mai ya zube, kuma fok maras mai duk rami sai ya buga ƙarshe. Akwai masu yin wata guda suna aiki a haka, sun ɗaura tsumma a wurin don kada man ya ɓata birki.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A kasuwannin kayan gyara na Ikko, ko a rumfunan ASPAMDA da ke filin baje-kolin kan hanyar Badagry, ko Ladipo ta Mushin, ko ƙananan shagunan cikin unguwa, abu ɗaya kan zo hawa-hawa. Akwai na kamfani, akwai mai bi masa, akwai mai araha, akwai ɗan gwanjo da aka ciro daga wani babur. 'Yan kasuwa masu amana sukan baje su duka su faɗi kuɗin kowanne, mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar tana wurin wanda zai sa mai araha a kwalin na kamfani. Daga waje bututun biyu sheƙinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Bambancin na cikin kaurin bangon bututun da irin ƙarfen da yadda aka gasa shi, kuma babu ɗaya da ake gani a kan kanta. Jabu yakan lanƙwashe a ramin da na ƙwarai zai haye ko gezau. Irin wannan ɗan kasuwa, maganar cewa ƙarfe ba ya lanƙwashewa don kansa garkuwa ce kawai ya samu.

Bayan ƙarfe da rami da kaya, akwai kuma na huɗu da ba a cika kiran sunansa a wurin rigima ba, sau da yawa ma shi ne mai ba da haƙuri: makanike. Dukan da ya isa ya tanƙwara bututu, da wuya ya tsaya nan. Yakan karkata maƙallan nan biyu da ke riƙe bututun a wuyan babur, ya lotsa boris ɗin wuya, wani lokaci ya taɓa sandar taya. In aka zura sabon bututu a karkataccen maƙalli aka ɗaure noti, tun kafin babur ya bar gareji an riga an murɗe shi. Zai riƙa gogar gefe ɗaya, ya ci sil, ya soma zuba, mai babur ya rantse kayan ne jabu alhali na ƙwarai aka sayo masa. Haka in aka sauya ƙafa ɗaya aka bar ɗaya tsohuwa don rage kuɗi, ko aka zuba mai da ka ba awo, wannan ya fi wancan, ko aka ɗura baƙin man da aka juye daga inji. Makaniken da ya san aikinsa yakan mirgina bututun a kan gilashi ko wani shimfiɗaɗɗen abu ya ga ko yana ɗingishi, ya duba maƙallan kafin ya ce a sayo komai. Wanda ke sauri, layin babura na jiransa, kwancewa da ɗaurawa kawai ya sani.

Sannan ga batun la'ada. Ɗan acaba da ke da balas na yini a wuyansa ba ya iya kashe rabin rana a cunkoson hanyar kasuwa, sai ya miƙa wa makanike kuɗi, shi kuma ya aiki yaronsa. Ba kowa ba ne, amma akwai mai karɓar kuɗin na ɗaya ya sayo na biyu. In abu ya lalace, mai babur bai san shagon ba, mai shago bai taɓa ganin fuskarsa ba, makanike kuwa ba zai so su haɗu ba. Wasu masu shaguna sukan yi wa kayansu alama da fenti ko alƙalami mai kauri don su gane nasu in an dawo da shi, su ba da kwanaki kaɗan na gwaji da baki. Wannan ne garantin da yawancin mutanen Ojo suka sani, kuma yakan ƙare tun kafin aibin ƙarfe ya bayyana.

Garantin kamfani na sabon babur fa? Yana nan a wani ɗan littafi, da sharuɗɗansa: a riƙa kai babur sabis wurin wakilan kamfani ana buga hatimi, a yi amfani da kayan kamfani, kuma ban da hatsari da lodi fiye da ƙima da abubuwan da ke cinyewa da aiki. To, baburan da yawa a Arewa aka saye su aka ɗoro a tirela. Wasu kuma na masu kuɗi ne da suka bayar a riƙa biya kaɗan-kaɗan, takardu na cikin durowarsu sai an gama biya. Mahayi bai taɓa ganin littafin ba, gyara kuwa a kansa yake. Ko a ƙasashen da ake bin takarda sau da ƙafa, kayan da aka musanya ƙarƙashin garanti galibi ragowar kwanakin tsohon yake gada, ba a soma lissafi daga farko.

Abin da 'yan kaɗan suka sani a bakin garejin nan shi ne, dokar Najeriya ta riga ta ba mai saye garantin da ba ya buƙatar littafi. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin samun kaya masu inganci, marasa aibi, da suka dace da aikin da aka yi su dominsa kuma za su yi ƙarko gwargwadon abin da aka saba. Sashe na 132 ya ba shi wata uku daga ranar da ya karɓi kaya: in sun gaza wannan mizani, ya mayar wa wanda ya sayar masa ba tare da tara ba, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Sashe na 145 kuma shi ne ya fi shafar rigimarmu, domin ya ce idan aka yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan mai sayarwa. Wato ba ɗan acaba ne zai tabbatar bai faɗa rami ba, mai shago ne zai nuna kayansa lafiyayye ne. Layin nan na ƙasan rasit bai isa ya shafe wannan haƙƙi ba, kuma hukumar ta sha faɗin haka. Dokar dai ba ta ce a biya wa mutum ɓarnar da ya yi da hannunsa ba.

A wannan gaɓa dokarmu ba ta yi nisa da ta Turai ba. A Tarayyar Turai garantin doka shekara biyu ne, kuma tun 2022 duk aibin da ya fito a shekarar farko ana ɗauka da shi aka sayar da kayan, sai mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka. A Birtaniya wata shida ne, ƙarƙashin dokar 2015. Tamu ta fi gajarta a kwanaki, amma wata uku sun isa jabun fok ya tona kansa a titin Ojo.

Jihar Legas ma tana da tata hukumar, LASCOPA, kuma tun 2018 akwai kotunan ƙananan ƙararraki da ke sauraron da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, da nufin gamawa cikin kwana 60, ba dole sai da lauya ba. A takarda ƙofa a buɗe take. Amma a duba mutumin da ake so ya shiga ta: bai yi boko mai nisa ba, ba shi da rasit, kowace rana da ya yi ba aiki bashin balas ne, kuma duk abin da ya shafi hukuma a wurinsa yana kama da motar da ke kwashe babura. Mutumin da ya ga ana niƙe baburan da aka kama a talabijin ba zai ɗauki fok ya nufi ofishin gwamnati a Ikeja ba.

Akwai wata doka da ta fi kusa da shi, wadda ya ji tun yana yaro a zaure. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a ƙasar Hausa, irin su Risala da Muhtasar, sun yi dogon bayani kan mayar da kaya saboda aibi. Ɓoye aibi haramun ne, kuma wanda ya tarar da tsohon aibi a abin da ya saya yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Malamai ba su tsaya nan ba. Sun tambayi abin da ake tambaya a shagon Ojo: in kuma wani sabon aibi ya auku a hannun mai saye fa? Suka ce to, ko ya riƙe kayan a rage masa kuɗin tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da sabon ya rage. In aka yi gardama ko aibin tsoho ne ko sabo, a kira masana wannan kaya su duba. 'Yan Alaba Rago sun san misalin da ya fi kusa da su, na dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye. Hadisi ya ba mai saye damar mayar da ita, amma ya haɗa da sa'in dabino a madadin nonon da ya tatsa. Mayaudari bai ci riba ba, wanda aka yaudara ma bai sha nono kyauta ba. Duk dillalin da ya taɓa sasanta cinikin ragon da ya kwana da gudawa a gidan mai saye, wannan lissafin yake yi, ko bai san babinsa ba.

A ganin wannan sharhi, abin da Ojo ta rasa shi ne wanda zai zauna a kujerar masanin nan. Kasuwanni suna da ƙungiyoyi masu hukunta 'ya'yansu, 'yan acaba suna da shugabannin tasha da ke karɓar kuɗin tikiti kullum, makanikai suna da tasu ƙungiyar, ga fadar Sarkin Hausawa da ake kai ƙarar abin da bai kai wannan ba. Dattawan makanikai biyu ko uku da kowa ya yarda da su, da gilashi ɗaya, da sikeli, da ma'aunin kauri, sun isa su raba yawancin gardamar. A auna nauyin bututun a gwada da na kamfani. A duba ko biyun sun lanƙwashe wuri ɗaya a ƙarƙashin maƙalli, rim ya lotsa, wanda ke nuna duka mai ƙarfi, ko kuwa ɗaya ne ya saki babu tabon komai a taya. Inda ta tabbata jabu ne, mai shago ya biya. Inda ta tabbata rami ne, ya yi rangwamen nan irin na masu keken Turai, wanda ba baƙo ba ne a kasuwarmu, don raba asara tsohuwar al'ada ce. Shi ɗan acaba kuwa, ya karɓi rasit mai kwanan wata da sunan shago da matakin kayan da aka ba shi, ya ɗauki hotonsa a waya kafin ruwa ya jiƙa shi, ya kuma tsaya a kan a duba maƙallan wuya kafin a ɗaura sabo.

Wanda aka sallama da haƙuri kuma aljihu ya bushe, hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ta fi ba da tsoro: a miƙe shi. Ana kwantar da bututun a kan katako biyu a danna da jak, ko a buga da guduma, wani ma a hura masa wutar gas har ya yi ja. 'Yar karkata kaɗan a bututun ƙarfe, gwani mai injin matsi da ma'auni yana iya gyara ta. Amma inda ƙarfen ya yi ƙunci ko rufinsa ya tsage, an gama. Wuta kuma kashe ƙarfin da aka gasa masa take yi, ya fito a miƙe a ido, a ciki ya yi laushi. Alminiyom ya fi muni, don shi tsagewa yake ba ya ba da sanarwa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: fok ɗin da ya lanƙwashe yakan kai mutum gida a hankali, wanda aka gasa aka miƙe kuwa yana iya karyewa a tsakiyar birki, da mai goyo a baya, tirela na biye.

Tsohon bututun da aka cire, wanda shi kaɗai ne shaidar da masani ko hukuma za su iya aunawa, ba ya kwana biyu a gareji. Yawanci mai babur barinsa yake wa yaron makanike. Da yamma 'yan jari-bola su biyo da kurarsu, su ma galibi 'yan gida ne daga Arewa, a ɗora a sikeli a biya da kilo. Wanda ya lalace sosai ya tafi kamfanonin narka ƙarfe da ke Ikorodu da Ogijo. Wanda sheƙinsa bai dushe ba kuwa, akan ware shi gefe, a miƙe, a goge da mai, bayan mako guda ga shi a kan tabarmar 'yan gwanjo a bakin titi, an ɗaure shi da ɗan'uwansa da roba.